Keken Baba Apollos da Mutanen Bayan Bagale

A unguwar Nassarawo ta Jimeta kowa ya san Baba Apollos, ko da a ce ba a san fuskarsa ba, an san hular kwanonsa. An haife shi a wani ƙauye kusa da Ganye. Ya zo Yola yana saurayi da akwatin ƙarfe da takardar sakandare, ya samu aikin akawu a wata ma'aikatar gwamnati, ya zauna kan kujera ɗaya har ta ɗauki siffarsa. Ya auri Keturah, malamar firamare, suka haifi Debbie. Ya yi ritaya da gida, da mota, da tumbin da kan riga shi shiga coci kowace Lahadi.

Tumbin ne ya kawo keken. Likita ya auna jininsa, ya ɗora shi a sikeli, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, sannan ya ce a rage nauyi. Keturah, wadda ta shafe rayuwarta tana sa yara yin abin da ba sa so, ta karɓi aikin da hannu biyu. Mai ya bar miya. Malmalar tuwo ta ƙanƙance har ta koma kamar ƙwan zabo. Harrison, mijin Debbie, ya kawo wa surukinsa keke mai faffaɗan taya, irin na hawan hanyar burji.

Baba Apollos ya ƙi kwalta, ya ce masu Keke Napep na Jimeta ba su san babba ba. Ranar Asabar da sassafe sai ya haye gada, ya wuce Sangere, ya sauka kan hanyoyin burjin da ke zagaye duwatsun Bagale, inda tsakuwa ke ƙara ƙarƙashin taya, kaɗanya da ɗorawa na ba da inuwa, hanya ta hau ta gangara ta sake hawa ba tare da neman shawarar kowa ba.

A fitarsa ta farko numfashi ya ƙare masa daidai rugar Hamajoɗa, wani dogon dattijo mai shanu. A can ba a wuce manya a kan keke, sai an sauka an gaisa. Ya sauka. Hamajoɗa ya dubi gumin, bai tambaye shi komai ba, domin Bafulatani ba ya tambayar baƙo abin da ya kawo shi. Sai ga ƙwarya, fura da kindirmo, man shanu na yawo a kai. Baba Apollos ya tuna da likita. Ya kuma tuna cewa ƙin abincin mai gida rashin tarbiyya ne. Tarbiyya ta yi nasara.

Gaba kaɗan, a gindin dutse, akwai ƙauyen su Fibi, wata gwauruwa mai tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa. Nan ma ya sauka ya gaisa. Kafin damina ta fita ya zama gwanin hanyoyin yankin. Yakan ce hanya mai kyau sai da hawa, da gangara, da inuwa. Abin da ba ya faɗa shi ne duk hawan da ya zaɓa yana ƙarewa ne a ƙofar gidan da hayaƙi ke tashi.

A gida yana cin ɗan tuwonsa ba ƙorafi, har Keturah ta ba da shaidarsa a taron zumuntar mata. Sikeli ne kawai ya ƙi ba da haɗin kai.

"Baban Debbie, kai kake hawan keken nan ko shi yake hawanka?"

"Tsoka ce, Maman Debbie. Tsoka ta fi kitse nauyi. Tambayi Harrison."

Ta sa yatsa ta latsa tsokar, tsokar ta yi rawa ta daɗe ba ta tsaya ba.

"To, ji nan. Idan muka koma asibiti nauyin nan bai sauka ba, keken ya tafi wurin mai bishara na ƙauyenmu, shi aƙalla rayuka zai nemo da shi. Kai kuma ka riƙa zagaye filin makaranta da yamma, ina bayanka."

Maganar ta shige shi. Ba don fura kaɗai ba. A duk mako, Asabar ce ranar da babu mai ce masa zauna ko tashi, kuma ya saba da iskar kan tudu.

Abin da bai sani ba shi ne mutanen ƙauyukan sun daɗe suna nazarinsa. Ga mutum mai furfura, mai Turanci a baki, yana tuƙa keke cikin rana, ba kaya a baya, ba ya saye, ba ya sayarwa, yana kuma cin abinci kamar an biyo shi. Wata rana ma, yana suɗe hannu a gidan Fibi, ya ce rabonsa da miya mai mai har ya manta. Gaskiya ya faɗa. Fibi ta juya baya ta share hawaye. Aka yanke cewa duniya ta juya wa bawan Allah baya, gidansa ba a ɗora tukunya, kunya ce ta hana shi roƙo.

Wata Alhamis, Hamajoɗa da Fibi suka yi shatar Keke Napep, suka ɗora buhun masara, da kwalbar man shanu, da zabi a ɗaure, suka yi ta tambaya har Nassarawo. Hamajoɗa ya ga mota a gindin mangwaro, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce lallai mai ne babu.

Baba Apollos na falo da singileti sa'ad da suka yi sallama. Keturah ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gida da shanu da ruwan bana. Sannan Hamajoɗa ya sunkuyar da kai, yana kallon tabarma.

"Adda, useko, don Allah ki yi mana haƙuri. Babu ba abin kunya ba ne, kowa da ranarsa. Ga ɗan abin da za a ɗora."

"A ɗora?" in ji Keturah.

"Mama, ko ɗan kaɗan ne ki riƙa ɗiga masa mai," in ji Fibi. "Ƙwarya guda yake shanyewa wurin Baffa Hamajoɗa kafin ya iso wurina, ya cinye kwano, ya tambayi ƙanzo."

"Har ƙanzo?"

"Har ƙanzo, Mama. Abin tausayi."

Baba Apollos ya gano cewa silin ɗin falonsa na da zane mai ban sha'awa da bai taɓa lura da shi ba.

Keturah ba ta ɗaga murya ba. Ta yi godiya, ta karɓi kayan, tunda ba a mai da kyauta. Ta shiga kicin ta fito da dafa-duka da kaza, baƙi suka ci, mai gida yana kallo. Da suka wanke hannu ta yi musu bayani a hankali, yadda take yi wa 'yan aji ɗaya: ba talauci ba ne, ciwo ne. Jini ya hau, kitse ya yi yawa. Idan suna ƙaunarsa, su taimake ta.

Fuskar Hamajoɗa ta washe. Talaucin mutumin birni ya fi ƙarfinsu, amma ciwo kam sun san kansa.

Da Asabar ta zo, Keturah da kanta ta miƙa masa hular kwano. A ruga aka kawo ƙwarya rufe da faifai kamar kullum. Ya buɗe: jiƙon sassaƙen maɗaci ne. Hamajoɗa ya zauna kusa, yana kallonsa da ƙauna, har ya ga gindin ƙwaryar. A gidan Fibi dafaffen ganyen dogon-yaro ne, da ɗumi. Labari ya bazu. Har ƙauyukan da bai taɓa cin komai a cikinsu ba, sai ya tarar da tsohuwa a bakin hanya riƙe da moɗa, tana jiransa. Kowace da nata maganin, kowace tana cewa na waccan wasa ne.

Ta haka Baba Apollos, yana da shekaru sittin da ɗoriya, ya gano hanyar da ta fi duk hanyoyinsa: wani burtali da ya bi ta bayan dutse, duk hawa da duwatsu da ƙaya, babu gida ko ɗaya, sai birai da ke zaune kan marke suna kallonsa yana haki. Nan ya koma bi. Da suka je asibiti likita bai cire tabarau ba. Keken ya zauna a Nassarawo.

Kwanan baya Harrison ya ari keke ya bi shi. A kan tudu, harshe a waje, ya hango hayaƙi na tashi daga wani ƙauye can ƙasa.

"Baba, mu gangara mu roƙi ruwa mana."

Baba Apollos ya gyara hularsa, ya ɗora ƙafa a feda.

"Haɗiye yawu, ɗana. Mutanen nan kirkinsu ya yi yawa."