Gaisuwa Kafin Lasisi

Shekarar da nake ƙarasa digiri na biyu, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Kudu, ranar Juma'a kuma in koma gida Gwaram. Kullum motar Baffana nake shiga, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba. Direba ne, ya tsufa a kan hanyar nan har ya san kowane rami da ranar da aka haife shi. Kujerar gaba tawa ce, ko wane Alhaji ne ya riga ni zuwa tasha.

Aikin bincikena a kan rabon takin zamani ne: yadda motoci za su ɗauko shi daga rumbunan ajiya su kai Kiyako da Zandam da Kwandiko da sauran ƙauyuka, ba tare da an yi ta zagaye ana ƙona mai a banza ba. Hanyoyin da za a iya bi sun fi ƙarfin biro da takarda. Akwai manhajar da aka yi don irin wannan, ka zuba mata matsalar da sharuɗɗanta, ta tace ta fito maka da tsarin da ya fi kowanne. Ta gwaji ce a kwamfutata, ita kuwa ƙaramar matsala kawai take karɓa. Da na loda mata ƙauyukana duka, sai ta ce na yi mata yawa. Cikakkiyar kuma, da na ga farashinta rufe shafin na yi, na ce Allah ya ba masu shi lafiya.

Malamin da ke duba aikina ya ce kada in damu, kamfanin da ya yi manhajar yana ba ɗalibai lasisi kyauta, in dai mutum ya nema da imel ɗin jami'a ya tura hoton katinsa na ɗalibi. Sannan ya ƙara da abin da ya hana ni sukuni: mako uku ya rage in miƙa sakamako. An riga an ƙara mini wa'adi sau ɗaya, ba za a sake ba. In na wuce, shekarun da na yi ina zirga-zirga sun tafi a banza.

Na cike fom, na tura. Washegari amsa ta zo cewa ba a amince ba, sunan da ke imel ya saɓa da na kati. Gaskiyarsu ne. A katin, sunana ne da na mahaifina. A imel kuwa sunana ne da na garinmu. Na sake turawa, amsar ba ta canza ko da wasali ba. Ni kuwa ina da saurin hawa, kowa a gidanmu ya sani. Na zauna na rubuta musu layi uku masu zafi, na ce ni ne dai mutum ɗaya, su daina ɓata mini lokaci. Daga nan ma sai suka yi shiru. Kwana tara suka tafi a haka.

Ranar Juma'a na shiga mota fuska a murtuke. Ba mu yi nisa ba Baffa ya dube ni.

"Kai kuma wa ya taɓa ka?"

"Lasisi ne ya ƙi fitowa, Baffa."

Ai kuwa sai ya gyara zama. An zo fagensa. "Lasisi? Kana neman lasisi ina raye ba ka faɗa mini ba? Ka ɗauki hoton fasfo? Ina ofishin nasu yake? Wa muka sani a ciki?"

Na ce ba na tuƙi ba ne, na kwamfuta ne, kuma ofishin yana ƙasar waje.

"Lasisi dai lasisi ne," in ji shi. "Mutum ne ke sa hannu. Aljani ne a can?"

Fasinjoji suka yi dariya, ni ban yi ba. Da muka isa gida, bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ce in karanto masa takardar da na aika musu, in juya masa ita da Hausa. Na karanta. Ya jira ci gaba, na ce ai ta ƙare.

"Ina gaisuwar?"

"Baffa, su ba sa wannan."

"Ba sa gaisuwa? To su wane irin mutane ne? A'a, kai ne dai ba ka da ladabi. Kana roƙon abu kyauta, ka faɗa wa mutane gida ba sallama kana zare ido. Ni ma da ni ne, a ƙarƙashin tebur zan ajiye takardarka. Buɗe abin nan ka rubuta."

Na so in yi musu, amma ba ni da wata dabarar, sai na buɗe. Yana faɗa ina mayarwa Turanci. Muka gaishe su, muka tambayi aiki da iyali da sanyin ƙasarsu. Muka ba da haƙuri kan takardar baya, ya ce in rubuta cewa zafin kai ne irin na ƙuruciya, alhali a lokacin ina da 'ya'ya biyu. Sannan ya ba su labarin sunan tun daga tushe: yadda aka kai ni makarantar kwana aka tarar mu huɗu ne masu suna ɗaya a aji, sai shugaban makaranta ya liƙa wa kowa sunan garinsu, sunan ya bi ni har jami'a, wani ofishi ya ɗauki wannan, wani ya ɗauki wancan. Ya ce haka abin yake a wajenmu, rabin ma'aikatan da yake ɗauka da sunan gari ake kiransu. Ya sa na bayyana musu aikin takin, da cewa shi da kansa ya sha ganin taki ya iso ƙauye bayan gero ya yi kai. A ƙarshe ya ce a rubuta cewa baffan yaron, direba a Gwaram, yana gaisuwa. Na ji kunyar wannan layin ƙwarai, amma yana zaune a kaina, dole na bar shi. Na haɗa da takardar shaida daga malamina, na tura.

Ranar Talata ina ɗakin malamai amsa ta shigo. Wannan karon ba na'ura ba ce, wata mata ce ta rubuto da hannunta. Ta ce ba ta taɓa sanin ana yin suna da gari haka ba, ta gode da bayanin, lasisin shekara guda na nan tafe. Ta ce tambaya ɗaya ce ta rage: wanne daga cikin sunayen biyu nake so a rubuta a kai? Ta rufe da cewa in gaida baffana. Na ba ta amsa nan take, kafin a tashi daga makaranta lambobin lasisin suka iso.

Na zuba wa manhajar ƙauyukana gaba ɗaya. Kafin in gyara zaman tabarau ta gama. Na daɗe ina kallon sakamakon, daɗi da haushi suka haɗu mini, abin da ya ci mini wata da watanni ke nan. Saura kwana huɗu wa'adi ya cika na miƙa aikin, malamina ya karɓa.

Da na faɗa wa Baffa a tasha cewa matar tana gaishe shi, sai ya ce, "Ina amsawa," kamar tana tsaye a gabansa. Ya ce shi fa sai ya ga lasisin da idonsa. Na ce ba kati ba ne, 'yan layuka ne a cikin kwamfuta. Bai yarda ba, sai da na je shago aka buga mini a takarda. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta gaba da baya, ya yi tsaki da bai ga hoto ba. Baffa ba ya karanta boko.

"To wane sunan suka sa?"

"Sun ce in zaɓa, Baffa. Na ce su sa na Baba."

"Nuna mini wurin."

Na ɗora yatsana a kan layin. Ya ɗora nasa kusa da nawa. Mota ta cika, fasinjoji suna ta kiran direba, bai ko waiwaya ba.

"Har ƙasar waje," ya ce a hankali. "Yaya ko Kano sau biyu ya taɓa zuwa."

Ya goge ido da bakin hularsa, ya ce in shiga mu tafi.