Bututun da Ya Ratsa Tsakar Gidana

Unguwarmu tana bayan layin dogo a Funtua. Mutanen gari suna ce mata unguwar arna, kuma ba sa shigowa sai in suna neman lebura. Yawancinmu Maguzawa ne daga ƙauyukan Malumfashi. Dakon auduga ya kawo mu, muka kafa bukkoki, bukkoki suka zama ɗakuna, har muka fi wani garin yawa. Ba hanya, ba magudana. Ruwan shanmu daga kududdufin da muka haƙi ƙasar gini yake, inda jakuna ke sha, inda duk ƙazantar unguwa ke gangarawa in sama ta zubo.

Matata ce ke ɗebo shi. Damina biyu a jere kurkunu ya kwantar da ita. Nakan zauna ina naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, ita tana cizon bakin zane, ni ina ta zage-zage ban ma san wa nake zagi ba.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, sai ga wasu mutane da igiya da turaku. Za a ja bututun ruwa zuwa sababbin gidajen ma'aikata a kan tudu, hanya mafi kusa kuma ta tsakiyarmu ce. Igiyar ta ratsa tsakar gidana, tsakanin rumbu da ɗakin matata.

Na ce wa shugaban leburorin, "Ranka ya daɗe, mu ma za a sa mana famfo?"

Ya ce, "Haba Malam, ruwa zai bi ta gidanka kana tambaya?"

Tunda nake ba wanda ya taɓa ce mini Malam. Ina jin wannan ce ta ɗauke mini hankali, don ban lura ba bai ce i ba.

Da hannuna na rushe katangata, na ɗauki diga na shiga cikin masu haƙa. Ni na bi gida-gida ina lallashin waɗanda suka ƙi. Wani tsoho maƙwabcina ya ce, "Ɗana, ka ga kan famfon da idonka?" Na ce masa tsufa ke damunsa. Har dakalin duwatsu na gina a ƙofar gida inda famfon zai tsaya, matata ta daɓe wurin ya yi sumul.

Aka binne bututu, aka kwashe turaku, aka tafi.

Sau uku ina zuwa ofishinsu. A na ukun wani akawu ya ji tausayina, ya buɗe wata babbar takarda, ya ɗora yatsa ya ce, "Ga inda bututun ya bi. Nan ai fili ne, ba kowa." Na ce a nan aka haifi 'yata. Ya ce bai ƙaryata ni ba, amma ba a sa wa fili famfo. Da zan fita ya ƙara da cewa duk wanda ya huda bututun, gidan yari.

Wata safiya na tsaya a kan bututun da diga a hannu, har rana ta ɗaga. Ban iya ba. Har yau ina jin haushin kaina, kuma ban ƙara iya haɗa ido da tsohon nan ba.

Daminar da ta biyo kurkunu ya fito wa matata a ƙafa biyu. Ɗaya ya tsinke a ciki, gwiwa ta kumbura ta sage, ba ta sake miƙewa ba. Ita ce ta gano cewa ƙasar da ke kan bututun ta fi ko'ina sanyi. Kullum da rana sai ta ja jiki zuwa wurin, ta shimfiɗa ƙafar a kai.

Ran nan na dawo daga dako na tarar ta kara kunne a ƙasa. Ta ce, "Maigida, zo ka ji. Yana wucewa."

Na durƙusa na saurara. Yana wucewa kuwa, da ƙarfinsa. Ta ce tana jin ƙishirwa. Na tashi na ɗauki tulu, na nufi kududdufi.