Kawu Ishaya da biyun da ke cikin ƙanƙara

Shekara shida ke nan da muka raka gawar Kawu Ishaya filin jirgin Doha, aka kai shi gida Kafanchan. Ƙanen mahaifiyata ne, ma'aikacin ɗakin gwajin jini, shi ya samo mini aikin nas a ƙasar nan. Bana na fi jin rashinsa, kuma gaskiya har da haushinsa nake ji.

A wurin abokan aikinsa 'yan Kenya ya shiga cikin 'yan Kweka, Kiristocin nan da ke kiran kansu Abokai. Su kaɗan ne, suna zama shiru a ɗakinsa na unguwar Najma ranar Juma'a, ba fasto ba waƙa. Mu 'yan gida tsiya muke masa, mu ce Kawu ya samu cocin barci.

Ni da maigidana Bitrus duka muna ɗauke da jinin sikila. 'Yarmu ta fari, Tabita, ciwon ne ya tafi da ita tana firamare. Bayan haka likitoci suka ce za su haɗa mana ƙwai a ɗakin gwaji, su duba, su dasa wanda ba shi da ciwon. Uku suka kama. Ɗaya lafiya lau, biyu masu sikila. Da gudu na je wurin Kawu in ji ko zunubi ne.

Al'adarsu ita ce, in mutum ya zo da damuwa a tara masa mutum uku ko huɗu, ba mai ba shi shawara, tambaya kawai ake yi. Haka suka yi mini. Na ce, "Kawu, don Allah e ko a'a?" Ya ce, "'Yata, ba ni da wannan ikon. Amma biyun da za a bari, me za ki riƙa kiran su?" Na fito ina huci. Mutum ya zo a rikice, a ƙara masa kaya!

An dasa mai lafiyar, muka samu Alheri. Biyun nan aka daskarar da su, aka ajiye su a ƙanƙara a asibitin, muka ce sai wani lokaci. Wani lokacin bai zo ba.

Yanzu ga shi ana maganar gyara ƙwayar halitta, har a raba mutum da sikila gaba ɗaya. Da Kawu yana nan, na san zai yi murna, don ya ga Tabita tana kuka a gadon asibiti. Na kuma san zai tambaya ko wani yaro da ke kwance da ciwon a Kafanchan zai taɓa ganin wannan magani. Bai taɓa ƙin kimiyya ba. Abin da ya ƙi shi ne a yi abu a kau da kai.

Kwantiragina ya ƙare, wata mai zuwa za mu koma gida. Jikina ba zai sake ɗaukar ciki ba, likita ya faɗa mini ƙarara. Sauran abu ɗaya: a fito da biyun daga ƙanƙara, su tafi har abada. Likitan ya ce, "Shi ke nan, ba sai kin zo ba, abu ne da ido ma ba ya gani." Na ce zan zo. Na gaji, wallahi na gaji, amma ba zan bari a yi shi a bayan idona ba.

Kawu bai bar mini hukunci ba, har yau ban san ko daidai muka yi ba. Abin da ya bari shi ne na kasa yi wa kaina ƙarya, ko da ƙaryar za ta bar ni in huta.

Jiya muna ɗaure kaya a gidanmu na unguwar Tsohon Filin Jirgi, Bitrus ya ce, "Maman Tabita, in an tambaye mu a gida 'ya'yanmu nawa, me za mu ce?"

Na ce, "Huɗu."