Kwanon Malam Hamisu a Lajawa

Mun tashi daga Kano ana sallame sallar asuba, ni da direban kamfaninmu na saƙa. Ni ne mai kula da harkokin ma'aikata, Lajawa kuma muka nufa, wajen Malam Hamisu. Ya daɗe yana kan injin saƙa kafin ciwon daji ya kwantar da shi. An yi masa aiki a Zariya, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya ƙi dawowa. Manaja ya ce idan wata ya mutu bai zo ba, a ba wani gurbinsa. Da ƙyar na samo masa aikin duba yadi a zaune, ya riƙa tashi da azahar.

Kwalta sabuwa fil, tirelolin siminti sai wuce mu suke, kowa gini yake tun da kuɗin mai suka shigo. A gadar Wudil muka tsaya cin soyayyen kifi. Tsadarsa ta sa direba ya tambayi mai kifin ko shi ma daga ƙasar waje ake kawo shi.

Daga nan muka bi burji har Lajawa. Mun sami Malam Hamisu a zaure, ya rame, amma idonsa tar. Bayan doguwar gaisuwa aka kawo dambu. Aka ajiye mana kwanonmu, shi kuma ya ja nasa can gefe.

Na ce, “Malam, me ya yi zafi?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ranar da na leƙa kamfani, waɗanda muke cin kwano ɗaya da su kowa ya ce ya ƙoshi. Aiki ba ya gagarata. Wannan ne ba zan iya ba.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na wanke hannu, na matsa, na sa a kwanonsa. Na ce likita ya tabbatar mini ba a ɗaukar ciwon nan. Direba ya yi ta kallon rufin zaure, can dai ya matso shi ma, ya kuma fi kowa loma.

Da la'asar muka juyo, Malam Hamisu a gidan gaba da jakarsa. Na dawo ina alfahari da aikina. Tafiyar ta koya mini cewa samo wa mutum kujera ba shi ne mayar da shi aiki ba, sai an mayar da shi cikin mutane. Ranar Litinin na bar ofis na tafi gindin darbejiyar da ma'aikata ke cin abinci, na zauna kusa da Malam Hamisu, na sa hannu a kwanonsa. Kafin mu gama, hannu ya yi wa kwanon yawa, har sai da aka aika a ƙaro.