Ranar da Aka Aike Ni Shanya Citta

Wata Juma'a ce, a kakar citta ta shekarar da zan shiga aji ɗaya, Kaka ta miƙo mini kwando ta ce, "Ladi, je ki shanya wannan a kan dutse, kar ki dawo sai kin baza duka." Na tafi ina rawar jiki, an ba ni aikin manya. Kafin in dawo Mama ta kama hanyar tashar Kafanchan, jirgin ƙasa ya tafi da ita Legas aikatau. Tabarmarta kawai na tarar a naɗe.

Haka ake yi a ƙauyenmu, ba a yi wa yaro ban kwana, wai don kada ya yi kuka. Ban kuwa yi ba, har matan zumunta na coci suka riƙa yabona, "Wannan yarinya akwai zuciya." Ina zuciya! Bushewa dai na yi. Ina ɗebo ruwa a rafi, ina korar tsuntsaye a gonar acca, amma duk aiken da aka yi mini da gudu nake dawowa in leƙa ko Kaka tana nan. A makaranta in ana gaɗa, yarinya ta faɗa da baya ƙawaye su tare ta, ni ce mai tafi a gefe. Bayan shekara huɗu Mama ta dawo ta rungume ni, na tsaya mata ƙiƙam kamar taɓarya. A hankali ta sake ni ta shiga kwance kaya.

Sai da na haifi Alheri abin ya tsorata ni. Da ta maƙale mini sai kafaɗuna su ɗage, numfashi ya tsaya, in miƙa ta ga duk wanda ke kusa. Ina son 'yata, amma na ga ta fara daina miƙo mini hannu.

Wata ƙawata ta kai ni wurin wata likitar damuwa a Kafanchan. Na shirya dogon labari, sai ta ce, "Anti, bar labarin tukuna. A ina kike jin shi a jiki?" Raina ya ɓaci, ni da na zo magana. Ta sa na kafa ƙafafuna a ƙasa, hannu a ƙirji, ina sakin numfashi a hankali. Watanni muka yi a haka. Wata rana ta nemi izinina ta ɗora tafinta a tsakiyar bayana, ta ce in jingina iyakar yadda zan iya. Sai kuka ya ƙwace mini, ni uwar ɗiya guda, har da majina.

Yanzu Alheri takan yi barcin rana a ƙirjina, in kafaɗun sun ɗage in sauke su da kaina. Mama ba ta ga wannan ba. Ta rasu tana zaton ban yafe mata ba, alhali na yafe tuntuni. Jikina ne bai san yadda zai faɗa mata ba.