Sunan Malam Tanko a Bangon Ruhubanawa

Ina yaro a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, in sanyi ya shigo, kakata Hajja Kulu takan hura gawayi a kasko bayan magariba, ta ɗora butar gahawa, mu jikoki mu kewaye ta a saman bene. Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ba ta yarda a kira ta tatsuniya.

Can kan dutse, bayan unguwar Ma'adi, in ji ta, akwai kufan gidan ruhubanawa, Kiristocin da suka bar duniya suka koma ibada shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Annoba da mahara suka yi ta rage su har saura tsoho ɗaya, shi kuma bai fasa cika kwatarniyar ruwa a bakin ƙofa don matafiya ba har ya mutu. Tana ƙarama, ayarinsu na zuwa Makka a ƙafa ya fake a kufan kwana uku. Nan mahaifinta, Malam Tanko, ya zana sunansa a bango da ƙusa, da ajami. Bai kai Makka ba, kuma ba wanda ya san kabarinsa.

"Ƙaryarki, Hajja," nakan ce. "Me zai kai malami gidan Kirista?"

"Ƙishirwa, mijin banza. Kai da ko kasuwa aka aike ka sai ka ɓata."

Na girma ina lebura. Wata shekara aka ɗauke mu aikin gyaran wani kufai, ashe shi ne. Shugaban aikin wani injiniya ne mai tumbi, wanda bai taɓa fitowa daga inuwar motarsa ba sai in za a ɗauki hoto. Wai shi ne mai adana tarihi. Ya leƙa ɗakin gabas, ya ga rubutu a bango, ya yatsine fuska.

"Wane jahili ya yi wannan ƙazanta? Ko Larabcin bai iya ba. Yalla, a kankare, a shafe da siminti."

Ni na iya karanta shi. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ga "Tanko" ƙarara, da "ɗan Katsina" a ƙasansa. Sai na ji kunyar a ce jahilin nawa ne, a gaban Misirawan da dama suke mini dariyar harshe. Na ɗauki cokalin gini. Bai fi minti biyar ba.

Da na koma gida, Hajja Kulu, wadda idonta ya riga ya tafi, ta kamo hannuna, don ta ji inda muke aiki.

"Ka ga sunan, angona? Yana nan?"

"Babu komai, Hajja. Bango ne kawai."

"To," ta ce, "wataƙila ni na manta."

Ba ta sake ba da labarin ba har ta rasu.

Yanzu wurin ya sha fenti, sumul kamar banɗakin asibiti, da allon marmara mai ɗauke da sunayen waɗanda suka lalata shi. Na daɗe ina tsine wa injiniyan, don ya fi sauƙi. Amma shi bai san abin da ya sa a goge ba. Rubutun ya tsira daga iska da rana da ɓarayin bulo, sai ya faɗa hannun mutum ɗaya a duk Alƙahira da ya san mai shi. Kuma na bar tsohuwa ta tafi kabari tana zargin hankalinta.