Shuɗin Yashin Malam Bitrus

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Malam Bitrus a hatsarin mota kan hanyar Jos. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Ni tela ne, ilimina bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ban gane ba in tayar wa mutane hankali a banza. Abin da na gani a makon jiya ne ya sa na daina jira.

Bitrus mutumin Filato ne, ma'aikacin gwajin ruwa, ya zauna a gidanmu nan Haɗeja. A lokacin ana zuba wani shuɗin magani na jan ƙarfe a tafkunan fadama don kashe katantanwar da ke kawo fitsarin jini. Katantanwa ta mutu, amma kifi ma ya bi ta, masunta suka yi ta kuka. Shi ne ya duƙufa neman yadda za a cire maganin bayan ya gama aikinsa.

Yakan wanke farin yashin kogi, ya gasa, ya jiƙa shi cikin wani ruwa mai ƙarnin busasshen kifi. Ya ce mini ruwan yana yi wa kowace ƙwayar yashi 'yan hannuwa masu cafke jan ƙarfe. Na gani da idona: shuɗin ruwa ya shiga ta sama, ya fito garau ta ƙasa, yashin ya koma shuɗi.

Wata rana matata Hansatu ta ɗebi yashin za ta goge tukunya da ruwan tsamiya, yadda mata suka saba. Bitrus ya tare ta.

"Uwargida, ajiye. Tsami ne ke buɗe hannuwan. Duk abin da ya riƙe, a tukunyarki zai sake shi."

"To Malam, yashin naka ma rowarsa kake yi?"

Ya yi dariya, amma sai da ya karɓe ƙwaryar. Daga baya ya ɗura sauran a durorin ƙarfe, mota ta kai su wajen gari aka binne. Ya ce wajen hanyar Kaugama ne, nesa da ruwa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Yau kuɗin fetur ya shigo, inda a da yake daji ya zama fegi, tipa na kwasar yashi ko'ina. Nakan ce da Bitrus na nan da ya yi murna da ruwan famfon da aka kawo mana, amma da bai zauna ba sai ya kafa alama a wurin nan.

A makon jiya na ga 'yar maƙwabcina tana goge kwano da yashi mai shuɗi-shuɗi. Ta ce a tulin da tipa ta zubar ta ɗebo. Mai ginin da aka kawo wa yashin bai san direban ba. Wataƙila ba yashin Bitrus ba ne. Wataƙila kuma duro ya ruɓe. Na hana ta, na kwashe, na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya. Wasu na ce mini Mai-yashi. Su faɗa.

Bitrus bai bar gida ko gona a garin nan ba. Abin da ya bari shi ne wannan kashedi, kuma ni da Hansatu kaɗai muka ji shi.

Wanda ya tuƙa motar ranar binnewa dogo ne, an ce ɗan Miga ne. In yana raye, ko wani ya taya haƙa ramin, don Allah ya aiko ta hannun editan jaridar nan. Kafin nan, duk matar da ta ga shuɗin yashi, kada ta haɗa shi da tsamiya.